Masu Haɗin Gida Su Sa Mahaɗi, Amma Kada Su Bar Ma'anar Aikinsu A Hannun Kamfani

A watan Agustan 2024, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da wata sanarwa da ta tayar da ƙura a tsakanin masu wasan Dungeons & Dragons. Kamfanin yana dab da sakin sabon littafin dokokin wasan, sai ya shaida wa masu amfani da shafinsa na D&D Beyond cewa za a cire bayanan sihiri da na kayan tsafi na bugun 2014 daga takardun jarumansu, a maye gurbinsu da na 2024. Wanda kuma ya dage sai tsohon, to ya zauna ya kwafe shi da hannunsa a sashen da aka ware wa haɗin gida, wato kayan wasan da mutum ya ƙirƙira da kansa. Jama'a suka yi wa kamfanin caa, cikin 'yan kwanaki ya lashe amansa, ya bar tsofaffin bayanan a inda suke, ya manna musu alamar da ke nuna na da ne. Rigimar ta lafa, amma ta tona wani abu da ya shafi duk mai rubuta wa irin wannan wasa kayan kansa yana sa su a intanet. Dubban mutane sun ɓata dare da rana suna ƙawata rubutunsu da mahaɗan intanet da 'yan akwatunan bayani masu ɓullowa, ba tare da sun lura cewa abin da ke cikin akwatunan ba a hannunsu yake ba. Ra'ayina shi ne sa mahaɗi haƙƙin mai karatu ne a kan marubuci, bai kamata a yi sakaci da shi ba, amma duk marubucin da ya bar ma'anar aikinsa ta rataya a kan mahaɗi ya miƙa wa wani alƙalaminsa.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur. Ɗaya ya zama jagora, shi ke jan labari, yana bayyana gari da daji da dodannin da ke cikinsu, sauran kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Idan abin yana da haɗari, misali tsallake rami ko kai wa dodo sara, sai a jefa dayis, galibi mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da lambobin da ke takardar jarumin, a ga ko ya dace. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974 ta ƙaramin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Wizards ya sayi TSR a 1997, shi kuma kamfanin Hasbro ya sayi Wizards a 1999. Tun farko masu wasan ba su taɓa tsayawa kan abin da aka buga musu ba. Kowane tebur yana ƙirƙirar dodonsa da garinsa da dokarsa, wannan shi ne haɗin gida. Kuma ba ƙaramin abu ba ne. Duniyar Forgotten Realms, wadda yau ita ce babban fagen labaran kamfanin, ƙirƙirar wani ɗan Kanada ce, Ed Greenwood, da ya daɗe yana rubuta ta don kansa da abokan wasansa kafin TSR ya buga ta a 1987. A 2018 Matt Colville ya tara sama da dala miliyan 2 a shafin tara kuɗi na Kickstarter don buga littafin dokokin gina ganuwa da tara mabiya. Tun 2016 akwai kasuwar Dungeon Masters Guild inda mai haɗin gida ke sayar da aikinsa ya ɗauki rabin kuɗin. Don haka maganar yadda ake haɗa irin wannan rubutu da dokokin asali magana ce ta sana'ar mutane.

Abin da ya sa mahaɗi ya zama dole a nan shi ne yanayin rubutun kansa. Haɗin gida ba ya tsayuwa shi kaɗai, koyaushe yana jingine ne da littafin dokoki mai shafi sama da 300. A ɗauka wata ta ƙirƙiri ƙaton gizo-gizo, ta rubuta cewa duk wanda yanarsa ta kama ya zama ɗaurarre. A bakin mai karatu na yau da kullum wannan kalma ce kawai, amma a dokokin bugun 2014 tana ɗauke da hukunci huɗu: jarumin ba zai iya gusawa daga inda yake ba, mai kai masa hari zai jefa dayis biyu ya ɗauki mafi girma, shi kuma in zai kai hari ya jefa biyu ya ɗauki mafi ƙanƙanta, haka ma in zai kauce wa wani bala'i da zafin nama. Irin waɗannan halaye guda 15 ne, wasunsu ma suna cikin cikin wasu, domin wanda jikinsa ya shanye sai an koma an duba hukuncin wanda ya kasa aikata komai kafin a gane halinsa duka. Ga kuma sihiri sama da 300, kowane da nisansa da faɗinsa da yawan dayis ɗinsa. Babu kan da zai riƙe wannan duka. Sai marubuciyar ta kewaye kalmar da 'yar alama a lokacin da take rubutu, mai karatu kuma da ya ɗora kibiyar linzaminsa a kanta sai ɗan akwati ya ɓullo da hukuncin, ya karanta, ya janye hannu, akwatin ya ɓace, idonsa bai bar layin da yake ba. A manhajojin da ake buga wasan ta intanet irin su Roll20 da Foundry, ana ma iya danna lambar da ke cikin rubutu dayis ya jefu nan take. Wanda ya taɓa ganin jagora yana ta buɗe shafuka yana neman layi ɗaya, mutum huɗu sun zuba masa ido, ɗaya ya fara latsa waya, labarin da ya ɗauko zafi yana hucewa, ya san darajar wannan ɗan akwati.

Akwai tsofaffin hannu da ke ganin duk wannan ƙyale-ƙyale ne. A cewarsu an yi shekara arba'in ana wasan da takarda da fensir, wanda ke son wasa ya koyi dokokinsa, rubutun da aka cika shi da kalmomi masu launi kuma yana raba hankali. Ɓangaren ƙarshe na maganarsu gaskiya ne: shafin da aka liƙa wa kowace kalma mahaɗi, har kalmar takobi sau goma a sakin layi ɗaya, yana gajiyar da ido, ya kuma ɓoye muhimmin a cikin marar muhimmanci. Maganin wannan shi ne tsimi, a sa mahaɗi a karon farko da kalmar ta fito, a kuma sa shi inda hukunci ya rataya. Sauran maganar tasu kuwa ba ta karɓuwa, domin tana ɗauka cewa kowane mai karatu tsohon hannu ne. Lokacin da Hasbro ya sayi D&D Beyond a 2022 a kan dala miliyan 146.3, shafin yana da masu rajista kusan miliyan 10, kuma babu mai cewa duk sun haddace littafi. Akwai sabon shiga, akwai wanda Ingilishi ba harshensa na gida ba ne, akwai wanda yake wasa sau ɗaya a wata. Marubucin da ya ƙi sa musu mahaɗi ya zaɓi ya yi magana da tsiraru ne kawai, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwatin bayani ba ya ɗauke da kalmomin marubuci, yana ɗebo su ne daga rumbun mai shafin a daidai lokacin da aka taɓa shi. Idan mai shafin ya sauya abin da ke rumbun, rubutun marubuci ya sauya ma'ana alhali ko wasali bai taɓa ba. Mu dubi hukuncin gajiya, wanda yake da mataki shida a bugun 2014 da na 2024 duka, na shida kuma mutuwa ne. A bugun 2014 mataki na farko yana raunana gwajin ƙwarewa ne kawai, irin su hawa bango ko lallaɓawa. Sai an kai na biyu tafiya ke raguwa da rabi, sai an kai na uku ne yake taɓa kai hari da kare kai. A bugun 2024 an rushe wannan tsari: kowane mataki yana cire maki 2 daga duk jifan dayis mai fuska 20, har da na hari da na kare kai, ya kuma rage ƙafa 5 daga tafiya. Yanzu a ɗauka wani ya ƙirƙiri dodon guguwar hamada a 2019, ya ba shi ikon ɗora wa jarumi matakin gajiya guda da kowane bugu, bisa lissafin cewa bugu ɗaya ko biyu ba za su hana jarumin faɗa ba. Ya gwada a teburinsa, ya ga daidai, ya wallafa, ya liƙa wa kalmar gajiya mahaɗi. Ranar da akwatin ya fara nuna sabon hukunci, dodon ya zama wani dodo daban, mai raunana hannun jarumi tun daga bugun farko. Haka abin yake da sihirin warkar da rauni, wanda ya tashi daga dayis ɗaya mai fuska 8 zuwa biyu, da sihirin kiran dabbobi, wanda a da yake iya kawo kyarkeci takwas fagen daga, a sabon bugu kuma ya koma wani gungun ruhohi guda da ke cutar da na kusa da shi. Duk kayan haɗin gida da aka gina a kan tsohon lissafi sun karkace. Abin da ya fi damuna a nan shi ne babu wata alama da za ta nuna an sami matsala. Mahaɗin yana aiki, akwatin yana ɓullowa tsaf, mai karatu ya gaskata shi, idan wasa ya lalace kuma marubucin za a zarga da rashin iya lissafi.

Wannan sauyin ɓoye ya fi mutuwar mahaɗi illa, amma ita ma mutuwar tana nan. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2024 da ya nuna kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da suke raye a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma, kuma kashi 54 cikin ɗari na shafukan Wikipedia da aka duba suna da aƙalla mataccen mahaɗi ɗaya a jerin madogararsu. Kafin nan masu bincike a Jami'ar Harvard sun gano cewa kusan rabin mahaɗan da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka nufa. Idan hukuncin kotun ƙoli bai tsira ba, ina ga dodon da wani ɗalibi ya rubuta a ɗakin kwanansa? Masu wannan wasa ma sun ɗanɗana da kansu. Kafin D&D Beyond, Wizards yana da wani tsarin biyan kuɗi mai suna D&D Insider da ya buɗe a 2008 don bugu na huɗu, da rumbun dokokinsa da manhajar gina jarumi; an rufe shi a farkon 2020. Google+ kuma, inda ɗimbin masu ƙirƙirar ƙananan wasanni suka yi sansani suna musayar aiki, an rufe shi a Afrilun 2019. Shi kansa D&D Beyond da aka buɗe a 2017 ya sauya iyayen gida sau biyu cikin shekara biyar, daga Curse zuwa Fandom, daga nan zuwa Hasbro.

Akwai kuma mahaɗin da yake raye amma ƙofarsa a kulle take. Idan marubuci ya nuna wani dodo da ke cikin littafin sayarwa, shi da ya sayi littafin zai ga komai, ya ɗauka kowa ma haka yake gani, alhali wanda bai saya ba shafin ciniki zai tarar. A 2022 kamfanin ya daina sayar da littattafan dodanni guda biyu a shafin bayan ya fitar da wanda ya maye gurbinsu, don haka sabon mai karatu ko yana da kuɗin ba zai iya buɗe tsohon bayanin da marubuci ya dogara da shi ba. Sannan shi kansa akwatin an ƙera shi ne don mai kwamfuta da linzami. Allon waya bai san ɗora kibiya ba, taɓawa kawai ya sani, kuma sau da yawa taɓawar kan kwashe mutum ne zuwa wani shafi, ta ci masa data, ta raba shi da inda yake karatu. A ƙasashenmu, inda yawancin masu shiga intanet da waya suke shiga, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Makaho da ke amfani da manhajar karanta allo shi ma yakan wuce akwatin bai san yana nan ba idan ba a gina shi da kyau ba. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta sa sharaɗi a kan haka tun 2018: a iya kawar da akwatin ba tare da an motsa kibiya ba, a iya shigar da kibiyar cikinsa bai gudu ba, ya kuma tsaya har mai karatu ya gama. Mai haɗin gida ba shi da iko a kan ko shafin ya cika waɗannan sharuɗɗa. Ikonsa yana kan abin da ya rubuta da hannunsa.

Malamanmu na zaure sun daɗe da warware irin wannan matsala, kuma hanyar aikinsu nake nufi, ba ina daidaita darajar littattafansu da ta wasa ba. Wanda ya buɗe Samaruddani, sharhin Risalar Ibn Abi Zaid, zai tarar mai sharhin bai ce wa ɗalibi ya je ya nemo Risala ya duba babi kaza ba. Ya ɗauko lafazin matanin ya ajiye a shafi ɗaya da bayaninsa, ta yadda ko littafin nan kaɗai ɗalibi ya mallaka, ya san a kan wace jimla ake magana. Abin da nake kira ga masu haɗin gida su yi ke nan. A saman aiki a rubuta ƙarara cewa an gina shi a kan dokokin 2014 ko na 2024. Duk hukuncin da lissafin aikin ya rataya a kansa, a faɗe shi a taƙaice cikin rubutun: mai dodon guguwa ya ƙara rabin layi da ke cewa matakin farko na gajiyar nan gwajin ƙwarewa kawai yake taɓawa. Sunan abin da aka liƙa wa mahaɗi ya zama cikakke, da sunan littafin da ya fito, yadda ko an buga aikin a takarda mai karatu zai iya nemo shi, maimakon a rubuta masa ya danna nan. Sannan marubuci ya ajiye kwafin aikinsa a na'urarsa cikin rubutu tsantsa, domin alamomin da wani shafi ke ganewa shara ne a wani shafin, kuma wanda ya rubuta dodo ɗari da alamomin kamfani ɗaya ya ɗaure kansa a can ba tare da an sa shi rantsuwa ba. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe intanet a karanta aikin. Idan jagora zai iya tafiyar da wasa da shi a haka, mahaɗan da aka ƙara alheri ne a kan alheri.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi daga masu ilimin kwamfuta take zuwa, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa amfanin mahaɗi duka shi ne a sami tushe ɗaya. Idan kowane marubuci ya kwafi doka ya manna a aikinsa, ranar da kamfani ya gyara kuskuren ɗab'i za a wayi gari da kwafi dubu masu ɗauke da kuskuren, ga rubutu ya kumbura, ga kuma haɗarin taka haƙƙin mallaka. Amsata ita ce sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gyaran kuskure yana mayar da doka ga abin da aka nufa da ita tun farko, kuma marubuci zai yi murna akwatinsa ya nuna gyaran. Sauya bugu kuwa sabuwar doka ce sanye da tsohon suna. Tushe ɗaya yana da amfani ne muddin shi ne tushen da marubuci ya gani ranar da ya yi rubutu. Kuma ba cewa na yi a kwafe littafi ba. Layi ɗaya ne ko biyu a wuraren da aikin zai rushe in babu su. Batun haƙƙin mallaka ma ya yi sauƙi fiye da da. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya daɗe da bayyana cewa kariyarsa ba ta hawa kan dabarar wasa ko hanyar buga shi, tana hawa ne kan lafazin da aka rubuta. Bayan haka, ainihin dokokin bugun 2014 suna cikin wani kundi mai kimanin shafi 400 da ake kira SRD 5.1, wanda tun 2023 yake ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Kowa na iya kwafarsa, ya buga, ya sayar, ya fassara, muddin ya ambaci mai shi, kuma lasisin ba ya janyuwa. A Afrilun 2025 aka saki SRD 5.2 na sabbin dokoki a kan sharaɗi iri ɗaya. Kundin bai ƙunshi komai ba, an riƙe shahararrun dodanni da yawancin zaɓuɓɓukan jarumai, amma halaye 15 ɗin nan da mafi yawan sihirin suna ciki. Ma'ana, wanda ya so yau zai iya mayar da su Hausa, ya kafa nasa rumbun, akwatunansa su riƙa ɓullowa da harshen masu karatunsa, babu lauyan da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Inda duk aka sami zaɓi tsakanin nuna buɗaɗɗen kundi mai lambar bugu da nuna shafin da sai an biya, na farkon ya fi cancanta.

Yadda aka kai ga wannan lasisi shi ne amsa ga masu cewa kamfani gidansa ne, ya yi yadda ya ga dama. Tun shekarar 2000 akwai wani buɗaɗɗen lasisi da Wizards ya bayar, wanda a kansa ƙananan kamfanoni suka ginu, har Paizo ya fitar da wasan Pathfinder a 2009. A Janairun 2023 Linda Codega ta kafar Gizmodo ta fallasa daftarin sabon lasisi da zai soke tsohon, ya kuma karɓi kashi 25 cikin ɗari na abin da ya haura dala 750,000 a cinikin masu wallafa. Masu wasa suka shiga soke rajistarsu ta D&D Beyond, Paizo ya sanar da shirin wani lasisi da ba na kamfani ɗaya ba, sama da mutum 15,000 suka amsa tambayoyin jin ra'ayi da Wizards ya fitar, mafi yawansu suka yi watsi da shirin. Ranar 27 ga watan kamfanin ya janye, ya saki kundin. Sau biyu ke nan cikin shekara biyu yana yunƙurin sauya ƙasar da mutane suka yi gini a kai, sau biyu kuma ihun jama'a ne ya tsayar da shi. Na yarda gidansa ne, na yarda riƙe bugu biyu a rumbu ɗaya yana cin kuɗi da lokacin ma'aikata. Amma shafin yana jan mutane ne har da dodanni da sihirin da masu haɗin gida suka zuba masa kyauta, yana kuma karɓar kuɗin wata daga masu son shigar da haɗin gidan wasu cikin wasansu. Wanda ke cin moriyar aikin mutane haka, mafi ƙarancin abin da zai saka musu da shi shi ne adireshi tsayayye: mahaɗin da aka ƙulla a 2019 ya ci gaba da nuna abin da ya nuna a 2019, da ɗan layi a ƙasa mai cewa akwai sabon bugu ga mai so. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi wannan kira ga masu shafuka tun 1998, cewa su tsara adireshinsu yadda ba zai sauya ba. Kuma abu ne mai yiwuwa. Shafin Archives of Nethys, inda dokokin Pathfinder suke a buɗe kyauta da amincewar Paizo, bai goge tsofaffin shafuka ba bayan an sabunta dokokin wasan a 2023. Ya bar tsoho da sabo, kowane yana nuna hanyar zuwa ɗan'uwansa.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan wasan dodanni na Turawa, me ya shafe mu? Wasan dai a can ya fi ƙarfi, ba kuwa zan ce ya cika gidajenmu ba. Amma halin da masu haɗin gida suke ciki, na zuba aikin shekaru a rumbun da wani ke riƙe da makullinsa, marubutan Hausa na intanet sun san shi. Da OkadaBooks ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, bayan shekara goma yana aiki, duk mahaɗin da marubuciya ta taɓa rabawa a WhatsApp da Facebook zuwa littafinta a can ya mutu rana ɗaya, wadda ta tsira da sauƙi kuwa ita ce mai kwafin aikinta a hannu da wata hanyar isa ga masu karatunta. Matasanmu da suka fara sha'awar irin wannan wasa, suna tunanin gina labari a kan ganuwar Kano ko fatake masu ratsa Azbin da raƙuman gishiri, za su tarar da kayan aiki a shirye, masu kyau da sauƙi, kuma ya kamata su yi amfani da su. Su liƙa wa kalmar ɗaurarre akwatinta don sabon ɗan wasa ya huta, su rubuta shekarar bugun da suka bi a layin farko, su nuna buɗaɗɗen kundi inda ya samu, sannan kafin su wallafa su tura wa wani da bai sayi littafi ko ɗaya ba, ya buɗe a wayarsa, ya faɗa musu abin da ya gani da abin da ya ƙi buɗuwa.